Hoton bangon jemage da kunamar ruwa: sharhin malamin aji

Tun farkon wannan shekarar karatu wasu shagunan littattafai da ke kewayen babbar kasuwar Maraɗi suka fara sayar da wani hoton bango na koyar da kimiyyar halittu, wanda ya jera dabbobi biyu daura da juna, jemage mai cin ƴaƴan itace a dama, kunamar ruwa, wato wani kifi mai ƙayar dafi a wutsiya, a hagu. Ana sayar da shi a naɗe cikin kwali tare da ɗan littafin jagorar malami da katunan tambayoyi, kuma an yi rubutunsa da Hausa da Faransanci. Jika huɗu na biya bayan ciniki, kuɗin da ba za a ce ya yi yawa ba idan makaranta ce za ta saya, amma yana da nauyi ga malamin da zai ciro shi daga albashinsa. Na koyar da shi a ƙananan azuzuwan sakandare, kuma hukuncina shi ne ya cancanci saye, da sharaɗin malami ya san cewa darasin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a samansa ba shi ne ya kamata yara su tafi da shi gida ba.

Ta fuskar ƙira babu abin kushewa sosai. Tsawonsa ya kai mita ɗaya, an lulluɓe shi da leda mai kauri ciki da baya, an kuma sa masa ƙawanyar ƙarfe a kusurwowi huɗu, don haka ƙusa ba ta yaga shi. Ƙurar hunturu da tsumma mai ɗanshi ake share ta, gara kuma ba ta samun ta inda za ta kama. Illar ledar ita ce ƙyalli, domin idan aka rataye shi yana fuskantar taga, waɗanda ke zaune a gefe ba sa ganin komai sai haske. Ƙananan rubutun da ke ƙarƙashin zane kuwa ba ya karantuwa daga benci na huɗu zuwa baya, abin da ke nuna cewa waɗanda suka tsara shi ba su yi tunanin yawan yaran da ke cikin ajin makarantar gwamnati ba. A jikin hoton an kiyaye baƙaƙe masu lanƙwasa, amma a katunan an zubar da su gaba ɗaya, sai malami ya bi da alƙalami yana gyarawa.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne zaɓen dabbobin. Yawancin hotunan bangon da ke zuwa mana cike suke da dabbobin ƙasashen ƙanƙara, waɗanda yaro zai haddace sunansu ya manta kafin hutu. Wannan kuwa ya ɗauko jemagen da masana ke kira Eidolon helvum, wanda ya bazu a kusan duk Afirka kudu da Sahara har ya taɓo kudu maso yammacin yankin Larabawa, kuma yana hawowa arewa zuwa ƙasashen Sahel idan damina ta kankama. Babu yaron da ya tashi a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi da bai taɓa jin hayaniyar jemagu a kan dogon yaro da magariba ba, ko ya tsinci mangwaron da suka huda da safe. Kunamar ruwa ba haka take ba, domin babu ita a Gulbin Maraɗi, babu ita a tafkin Madarunfa. Kifi ce ta kogin Binuwai da ƙasan kogin Isa, wanda ƴan Najeriya ke kira Kwara, sai kuma kogin Kuros da kogin Sanaga na Kamaru. Duk da haka ba baƙuwa ba ce ƙwarai, tunda ruwan gulbinmu, bayan ya fito daga ƙasar Katsina ya ratsa Jibiya da Madarunfa da Tibiri da Gidan Rumji, yana komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima, daga nan ya bi ta Sakkwato ya shiga Isa, ya gangara har Lakwaja inda Binuwai ke haɗuwa da shi. Littafin jagorar bai ambaci wannan ba, amma da na zana hanyar ruwan a allo sai yara suka daina kallon kifin a matsayin abin wata duniya.

Zanen jemagen shi ne mafi kyawun abin da ke cikin kayan. An buɗe fiffikensa ɗaya an nuna ƙasusuwan da ke ciki, an kuma zana hannun mutum a ƙasa da launuka iri ɗaya, ta yadda ido zai bi daga ƙashin damtse zuwa na sangali zuwa yatsu. Yatsu huɗu sun yi tsawo ƙwarai, siririyar fata ta haɗa su har zuwa gefen jiki da ƙafa, babban yatsa kuma ya tsaya shi kaɗai da farcensa, wanda da shi jemage ke rarrafe a jikin reshe. Mai zanen bai manta da ƙaramin farcen da ke kan yatsa na biyu ba, wanda yana cikin alamomin da ke raba yawancin jemagu masu cin ƴaƴan itace da ƙananan nan masu cin ƙwari, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa da ainihin dabbar aka yi aiki. Fuskar doguwa ce, idanun manya, kunnuwan ƙanana marasa ado, gashin wuya ruwan ɗorawa da ya ɗan karkata zuwa ruwan goro, fukafukan kuma baƙaƙe. Adadin da aka bayar daidai ne: nauyinsa yana kewayen giram 300, faɗinsa idan ya buɗe fukafukai yakan kai santimita 75 ko ya ɗan wuce. Na sa yara sun buɗe tafin hannu a gaban hoton suna ƙirga gaɓoɓi, kuma ban taɓa ganin sun kama darasin ƙashi da sauri irin na ranar ba.

Zanen kunamar ruwa ma bai yi laifi ba. An nuna ta daga sama da daga ƙasa, jikinta a baje, kusan zagayayye kamar faifai, da ɗan tsini a gaba, bayanta ruwan ƙasa, cikinta fari, fatarta sumul. Faɗinta ba ya wuce santimita 40, wutsiyar kuma siririya ce da ta fi jikin tsawo nesa, da ƙaya mai zarto a samanta kusa da gindi. An nuna idanu a sama da ƙofa guda a bayan kowane ido, wadda ta nan take zuƙo ruwan numfashi sa'ad da take kwance a yashi, an nuna baki a ƙasa da tsagogi biyar a kowane gefe inda ruwan ke fita. An kuma faɗi abin da ya fi muhimmanci game da ƙirarta, wato babu ƙashi a jikinta ko ɗaya, guringuntsi ne tun daga kai har wutsiya, irin na danginta kifin shak. Sai dai an zana dabbobin biyu da girma ɗaya ba tare da ma'auni a ƙasa ba, saboda haka yaro zai ɗauka faɗinsu ɗaya, alhali jemage a buɗe ya kusa ninka ta.

Matsalar tana cikin kanun hoton, inda aka rubuta da ja cewa dukansu masu fiffike ne, ɗaya yana tashi a sama, ɗaya yana tashi a cikin ruwa. Magana ce mai daɗin ji da saurin shiga kai, shi ya sa take da haɗari a aji. Abin da ake kira fiffiken kunamar ruwa filafilin iyo ne na gefen ƙirji, wanda ya faɗaɗa ya manne da kai da jiki, kuma siraran sandunan guringuntsi masu yawa ne ke riƙe da shi, babu damtse, babu gwiwar hannu, babu yatsa. Fiye da haka, wannan kifin ba ya kaɗa shi sama da ƙasa. Yana tura wani motsi ne mai kama da igiyar ruwa a bakin filafilin daga gaba zuwa baya, tsakiyar jikin yana nan shiru, sai ka ga dabbar tana sulalewa dab da ƙasan kogi. Masu kaɗawa sama da ƙasa su ne manyan danginta na teku irin su manta, masu filafilai masu tsini, waɗanda ke yawo a buɗaɗɗen ruwa. Da na duba ƙaramin zanen da aka sa a kusurwa don nuna wannan tashi, sai na ga ashe manta ce aka zana, wato an aro motsin wata dabba an jingina wa wata don kwatancen ya tsaya da ƙafarsa.

Ko a ce kaɗawar iri ɗaya ce, aikin da ke gabansu ya bambanta. Jemage yana faɗa da nauyinsa ne a cikin iska marar kauri, idan ya daina kaɗa fiffike ƙasa zai yi, shi ya sa ƙasusuwansa sirara ne, ƙirjinsa cike da tsoka, zuciyarsa babba ce idan aka gwada da jikinsa, jininsa kuma mai ɗumi ne da ke cin abinci da yawa. Kunamar ruwa tana cikin abin da ke tallafe mata mafi yawan nauyinta, ba ta neman nisa da ƙasa, mafi yawan lokacinta ma a kwance take ta rufe jikinta da yashi, zafin jikinta kuma na ruwan da take ciki ne. Zuriyar kifaye masu guringuntsi da zuriyar da ta haifar da dabbobi masu ƙashi sun rabu fiye da shekaru miliyan 400 da suka wuce a lissafin masana. Littafin jagorar ya kawo wannan adadi a shafinsa na ƙarshe, amma bai ga cewa ya rushe kanun da ke bango ba. Malamin da ya lura zai iya juya kuskuren ya zama darasi, ya tambayi yara ko duk abin da ya yi kama da fiffike fiffike ne, amma malamin da aka ɗora wa darasin kimiyya don babu wani, kuma muna da su da yawa, zai karanta kanun ne ya sa a kwafa a littafi.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni, domin shi ba ya karɓar tawili. A ƙarƙashin kan jemagen an zana layuka suna fita daga bakinsa suna dawowa kunne, an rubuta cewa da amsa-kuwwa yake gane hanya a duhu. Gaskiya ne mafi yawan jemagun duniya, waɗanda jinsinsu ya haura 1,400, wato kusan ɗaya cikin biyar na dukan jinsunan dabbobi masu shayarwa, suna fitar da ƙara mai tsinin da kunnen mutum ba ya ji, suna sauraren dawowarta. Amma wannan jemagen ba ya cikinsu. Da ido yake gani, da hanci yake sansano nunannen abu, kuma zanen da kansa ya faɗi haka, tunda dabbar da aka ba irin waɗannan manyan idanu da ƙananan kunnuwa ba da kunne take farauta ba. A cikin jemagu masu cin ƴaƴan itace, waɗanda aka sani da amsa-kuwwa su ne dangin Rousettus masu kwana a kogo, su ma da harshe suke ƙyasta ƙarar. Wani yaro ne ya fara ɗaga hannu ya ce, “Mushe, in da kunne yake gani, mi zai yi da waɗannan idanu?” Na manna farar takarda a kan wurin na rubuta gyara, kuma ina ba duk wanda ya saya shawarar ya yi haka kafin ya rataye.

A ɓangaren kifin kuwa bayanin gaɓoɓin ji ya fita da kyau. Tunda idanunta suna sama bakinta yana ƙasa, kunamar ruwa ba ta ganin abin da take ci. Tana da ƙananan ramuka a fatar da ke kewayen baki, cike da wani abu mai yauƙi, waɗanda ke jin ɗan ƙaramin lantarkin da ke fita daga jikin kowace halitta mai motsi, kuma ana kiransu da sunan Lorenzini, masanin Italiya da ya bayyana su a 1678. Da su da hanci take gano tsutsotsin ƙwarin ruwa da ke ɓoye a yashi, waɗanda su ne kusan dukan abincinta.

Inda dabbobin biyu suka yi kama da gaske, hoton ya ba shi layi biyu kacal a can ƙasa, kuma a ganina nan ne ya kamata a sa jan rubutun. Dukansu haihuwa suke yi. Jemage, duk da tashinsa, ba ya ƙwai: macen tana haifar ɗa guda a shekara, ta shayar da shi nono, ta yi yawo da shi manne a ƙirjinta har ya yi ƙwari. Akwai ma wani abin mamaki a cikin nata, domin bayan barbara ƙwan da ya ɗauku yakan dakata watanni bai kama mahaifa ba, ta yadda cikin da girmansa na ainihi wata huɗu ne yakan ɗauki kusan wata tara, haihuwar ta faɗo daidai lokacin da abinci ya wadata. Kunamar ruwa, duk da kasancewarta kifi, ita ma ba ta zuba ƙwai a ruwa. A danginta ɗan yana girma ne a cikin uwa, ya fara rayuwa da gwaiduwar ƙwansa, idan ta ƙare sai bangon mahaifa ya riƙa tsatso masa wani ruwa mai maiƙo da gina jiki, har a haife shi da cikakkiyar siffar uwarsa. Babu mabiyiya irin ta dabbobi masu shayarwa, babu shayarwa bayan haihuwa, don haka ba abu ɗaya ba ne, amma sakamakon ɗaya ne: ƴaƴa kaɗan, masu girma, a tsawon lokaci. Tarwaɗa guda tana iya zuba ƙwai dubbai a damina ɗaya, shi ya sa tafkin da aka kwashe yakan farfaɗo. Dabbar da ke haifar ɗaya ko ƴan kaɗan ba ta da wannan gata, idan aka kashe iyaye da yawa a shekara guda sai an daɗe ba a cike gurbinsu ba. Wannan ne ya haɗa jemagen da ake harbi don nama a wasu ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da kifin da ke faɗawa komar masunta a Binuwai, kuma shi ne darasin da yara suka fi yin tambaya a kansa da na buɗe shi.

Littafin jagorar ya yi ƙoƙari a kan abincin jemage, har ya taɓo tsohuwar maganar nan da ake yi cewa ta baki yake kashi. Asalinta shi ne yadda yake ci: yana tauna ɗan itacen, ya matse shi da harshe a dasashi, ya haɗiye ruwan da ƙananan iri, ya tofar da tuƙar, kuma ita ce ake tararwa a gindin bishiya da safe. Hanjinsa da mafitarsa suna nan kamar na kowace dabba. Yana cin ɓaure da ƴaƴan cediya da na dogon yaro da mangwaro da gwaiba da kaɗanya, yana kuma lasar ruwan furen kuka da rimi da ɗorawa, inda yake kwasar garin fure a gashinsa ya kai wa wata bishiyar. Furen kuka da dare yake buɗewa, fari ne, yana reto a doguwar igiya, yana da wari mai ƙarfi, duka siffofin furen da jemage ke ziyarta. Binciken da aka yi a kan jemagun birnin Akara na Gana, aka wallafa a 2016, ya nuna cewa suna iya kai iri nisan kilomita 75 daga inda suka ci shi. A gandun Kasanka na Zambiya kuwa miliyoyinsu ne ke taruwa a wani ɗan ƙaramin kurmi daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, kuma waɗanda aka ɗaura wa na'urar bibiya daga can an ga sun yi tafiyar da ta haura kilomita 2,000. Duk wannan yana cikin littafin, kuma daidai ne. Abin da ya rasa shi ne adalci ga mai lambu. Yaran da iyayensu ke da mangwaro a bakin gulbi sun san ɓarnar da jemage ke yi a dare ɗaya, kuma littafin da ya kira shi abokin manomi bai ce uffan a kan wannan ba zai sa su ɗauka cewa sauran maganar ma ta masu ofis ce. A yankin da manoma suka shahara da renon kututturan gona har bishiyoyi suka dawo, ana iya faɗa wa yaro amfanin mai baza iri da ɓarnarsa a zama ɗaya, ya kuma fahimta.

Sunan kimiyya da aka rubuta wa kifin tsoho ne. Masana biyu, Stauch da Blanc, su suka fara bayyana shi a 1962 daga Binuwai kusa da Garwa, shi ya sa sunan garin yake cikin sunansa, kuma a lokacin sun sa shi cikin dangin kunamun ruwan kogunan Kudancin Amurka. A 1975 wasu masanan, Thorson da Watson, suka mayar da shi cikin dangin da ake kira Dasyatis, kuma ɗaya daga cikin hujjojinsu tana da ban sha'awa: kifaye masu guringuntsi na teku suna tara sinadarin yuriya a jini don gishirin teku kada ya zuƙe musu ruwan jiki, na kogunan Kudancin Amurka sun rabu da wannan hali, ita kuwa ta Binuwai tana riƙe da shi ko da bai kai na ƴan'uwanta na teku ba, alamar cewa daga teku kakanninta suka hawo. A 2016 aka sake mata gida, sunanta yanzu Fontitrygon garouaensis. Hoton ya tsaya a Dasyatis, wanda ba babban laifi ba ne ga ɗan sakandare. Wanda ya fi damuna shi ne matsayinta a jerin ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa, domin an rubuta tsohon matsayi mai sauƙi, alhali tun 2021 tana cikin rukunin da ke dab da ƙarewa, jemagen kuwa yana rukunin da ya kusa shiga haɗari. Yawan kamu da lalacewar mazauni su ne manyan dalilai, Binuwai kuma ya sha fari, madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 a sama da Garwa ta kuma sauya yadda yake cika da janyewa. Taswirar da ke hoton ta ƙara dagula lamarin, domin an shafa wa kogin Isa launi tun daga Gini har teku, har da Yamai da Gaya, kamar duk inda kogin ya bi kifin yana nan.

A kan kiyaye lafiya, rabin aikin aka yi. Shafin harbin kunamar ruwa yana da kyau ƙwarai, har na so a ce an buga shi a jikin hoton don amfanin masu zuwa cin rani Yola da Makurɗi. Ya bayyana cewa ba ta bin mutum, wanda ya taka ta ne take ɗago wutsiya ta soka, don haka mai shiga ruwa ya riƙa jan ƙafa a yashi maimakon ɗagawa. Ƙayar tana da haƙora masu kallon baya da fata mai dafi a jikinta, tana shiga da sauƙi, tana yaga nama wajen fita. Abin yi shi ne a wanke ciwon, a tsoma shi cikin ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa ba tare da ƙuna ba, wajen digiri 45, na minti 30 zuwa 90, kada a tsaga, kada a ɗaure, sannan a tafi asibiti don a duba ko guntun ƙaya ya saura a kuma yi allurar tetanus. Idan a ƙirji ko ciki ko wuya ta shiga, ba a zare ta sai a gaban likita. Yara da dama sun ga labarin Steve Irwin a waya, mai shirin dabbobin nan na Ostireliya da irin wannan ƙaya ta kashe a 2006, kuma littafin ya yi daidai da ya ce babbar ta teku ce ta soke shi a ƙirji, kuma mutuwa ta wannan hanya ba kasafai take faruwa ba.

Amma game da jemage, wanda shi ne yaranmu ke iya kamawa da hannu, babu ko kalma ɗaya. Daga jikin wannan jinsin ne aka fara gano wata ƙwayar cuta ƴar'uwar ta haukan kare a Legas a 1956, kuma ƙa'idar ma'aikatan lafiya a ko'ina ita ce kada a taɓa jemage da hannu tsirara, balle wanda aka tsinta a ƙasa da rana, idan kuma ya yi cizo ko yaƙushi a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a tafi asibiti a ranar. Duk malamin da ya san abin da yara ke yi da danƙo a gindin bishiya ya san wanne ne ya fi gaggawa tsakanin gargaɗin biyu. Na rubuta wannan da hannuna a bayan littafin.

Katunan tambayoyin matsakaita ne. Mafi yawansu na haddar adadi ne, nauyi nawa, faɗi nawa, kuma biyu daga ciki an gina su a kan kurakuran da na ambata, don haka sai a cire su daga cikin tarin. Akwai ƴan kaɗan masu kyau da ke ba yaro siffa ɗaya, kamar haihuwar ɗa mai rai ko rashin ƙashi ko jini mai ɗumi, su ce ya faɗi ta wace dabba ce, ko ta dukansu, ko ba ta kowa ba. Da waɗannan na raba aji gida biyu, kuma gardamar da aka yi a kan ko kifi yana iya haihuwa ta ci rabin sa'a ba wanda ya yi hamma.

Ga makarantar da ke da malamin kimiyya na gaske, jika huɗu ba asara ba ce, ko don zanen fiffiken da shafin harbi. Ga uban da ke son ya saya wa ɗansa ya rataye a ɗaki ba tare da mai gyara masa ba, ban ba da shawara ba, domin abin da yaron zai fara haddacewa shi ne kanun da amsa-kuwwar. Mai saye ya buɗe kwalin a gaban mai shago kafin ya biya, saboda wani abokin aikina ya kai nasa gida ya tarar babu littafin jagora a ciki, ko da yake da ya koma Alhajin ya ba shi haƙuri ya ciro masa daga wani kwalin ba tare da gardama ba. A kuma duba gefen ledar da kyau, don a cikin waɗanda aka buɗe mini akwai wanda bakinsa ya fara ɗagowa tun yana shago, kuma irin wannan ba zai kai ƙarshen damina ba.